Darasin Ruwan Tibiri

Wanda ya tashi daga Agiye ya bi kwalta ya yi yamma, zai isa Maraɗi. In ya ƙara gaba kaɗan ta hanyar Gidan Runji, sai ga shi a Tibiri, garin Sarkin Gobir. Tafiyar ba ta cin wuni, kuma da yawa daga cikinmu muna da dangi a can. Abin da ya sami mutanen wannan gari shi ne darasinmu na yau. A karanta a hankali, domin magana ce ta ruwan da muke ba ƴaƴanmu.

A shekarar 1985 mutanen Tibiri suka fara shan ruwan wata rijiya mai zurfi da aka haƙa da inji, irin wadda muke kira foraji. Duk matar da ta taɓa jan guga har igiya ta yi mata kanta a hannu ta san daɗin ruwan famfo. Ga shi garau, ba laka, ba wari. Wa zai zargi irin wannan ruwa?

Shekaru suka yi ta tafiya. Sannu a hankali sai aka fara ganin wani abu a jikin yaran da aka haifa bayan zuwan famfon. Haƙora suka rine, suka yi ja kamar na tsohon da ya daɗe yana cin goro, alhali yaron bai san ɗanɗanon goro ba. Ƙafafun wasu suka lanƙwashe kamar baka, na wasu gwiwoyi suka haɗe suka yi gwame. Wasu kansu ya yi girma fiye da kima. Akwai waɗanda tafiya ta gagare su sam, sai an ɗauke su.

Mun san irin maganganun da ake yi in abu kamar wannan ya faɗo wa gida. Wannan ya ce iska ce, wancan ya ce sammu ne, wata ta ce gado ne daga dangin uba. A sayar da akuya a kai wa mai magani, a dawo gida, yaro ya ji ƙishirwa, a ɗebo masa daga randar nan dai. Cutar tana cikin randa, ana nemanta a daji.

Da masana suka auna ruwan, sai suka tarar da wani sinadari mai suna fuluwor ya yi yawa a ciki. Fuluwor yana cikin wasu duwatsu na ƙarƙashin ƙasa, ruwan da ya daɗe kwance a cikinsu kuma yana narkar da shi. Kaɗan daga cikinsa yana da amfani, yana hana haƙori ruɓewa, shi ya sa ma ake sa shi a man goge baki. Yawansa ne illa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a cikin lita ɗaya ta ruwan sha. Miligiram shi ne a ɗauki giram ɗaya a raba shi gida dubu, a ɗauki kashi ɗaya. Na Tibiri ya ninka wannan iyaka fiye da sau uku. Wajen shekara goma sha biyar mutane suka yi suna shan ruwan kafin a daina raba shi. Ɗaruruwan yara suka nakasa, waɗanda abin ya taɓa haƙoransu kuwa sun fi haka yawa nesa ba kusa ba.

Me ya sa yara? Domin su ne ƙashinsu da haƙoransu ke kan ginuwa. Haƙoran girma suna haɗuwa ne a cikin dasashi tun yaro bai kai shekara takwas ba. In fuluwor ya shiga lokacin, tabon ya zauna ke nan, ba asawakin da zai fid da shi. Da farko fari-fari ne kamar an ɗiga alli, daga baya ya koma ruwan ƙasa. Yaron da ba ya samun abinci mai gina ƙashi, kamar nono da madara, abin ya fi yi masa ɓarna.

Ranar da muka fara karanta wannan labari a aji, wata dattijuwa da ke zaune a bakin tabarma ta ajiye allonta ta ce, "Malam, ai ni tafasa ruwa nake yi, in tace da ƙyalle mai tsabta, yadda malaman likita suka koya mana. Wannan bai isa ba?"

Na ce, "Inna, kin yi daidai, kada ki bari. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cutar zawo da amai. Amma fuluwor ba mai rai ba ne, balle wuta ta kashe shi. Kin ga in kika sa gishiri a ruwa kika tafasa, gishirin yana fita?"

Ta ce, "Ina! Ƙara kauri ma yake yi."

To haka fuluwor yake. Wuta ba ta fid da shi, ƙyalle ba ya tare shi, ƙwayar maganin da ake jefawa a ruwa ba ta taɓa shi. Ido ba ya ganinsa, harshe ba ya jinsa. Awo kaɗai ke nuna shi, awon kuma aikin masu na'ura ne. Ba kowane foraji ke da wannan matsala ba, kada wani ya tashi daga nan ya koma shan ruwan tafki. Da yawa lafiyayyu ne. Sai dai ba a sanin mai kyau da marar kyau da ido.

Nan ne maganar haƙƙi ta shigo. Wani zai ce ai ƙaddara ce, ba wanda ya zuba guba a rijiyar. Gaskiya ne, Allah ne Ya halicci dutsen da abin da ke cikinsa. Amma wanda ya haƙa rijiya, ya ja bututu, ya sa awon lita, yana karɓar kuɗi duk wata, shi ne ke da nauyin ya auna ruwan kafin ya sayar, ya kuma riƙa aunawa lokaci lokaci. In ya ga illa ya faɗa wa mutane, ya rufe. Mai sayar da fura ma in ta san nononta ya lalace ta sayar, ba ma kiran wannan ƙaddara. Imani da ƙaddara bai hana a tambayi wanda aka ba amana yadda ya yi da ita ba.

Kamfanin gwamnati mai suna SNE shi ke raba ruwan birane a Nijar, har da na Tibiri, a yawancin waɗannan shekaru. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, ANDDH, ta ɗauki maganar yaran Tibiri ta kai gaban shari'a. Wata babbar ƙungiya mai mazauni a Faransa, FIDH, ta aiko aka yi bincike, ta fitar da rahoto a 2002, duniya ta ji. Shari'ar ta ja shekaru masu yawa, har yaran suka zama manya ana ta jeka ka dawo. Ko nawa aka ba mutum kuma, kuɗi ba ya miƙe ƙafar da ta riga ta lanƙwashe. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, maganar ba ta motsa ba sai da aka auna ruwa, aka ƙirga yara, aka rubuta a takarda. Kukan uwa ɗaya a tsakar gidanta ba ya isa Yamai.

Yau doka tana bayan mai tambaya. Dokar ruwa ta Nijar ta shekarar 2010 ta amince cewa samun ruwa haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne. A ranar 28 ga Yuli na 2010 ɗin dai, babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce tsabtataccen ruwan sha yana cikin haƙƙoƙin ɗan Adam. A 2011 kuma sashen kare haƙƙin ɗan Adam na majalisar ya amince da wasu ƙa'idoji kan kamfanoni. A taƙaice sun ce gwamnati ta kare mutane, kamfani ya kiyaye kada neman ribarsa ya cuci kowa, wanda aka cuta kuma a buɗe masa hanyar da zai kai kuka a share masa hawaye. Kada a ɗauka manyan kamfanonin Turai kaɗai ake nufi. Ɗan kwangilar da komin ta ba riƙon shaton garinku kamfani ne. Mai ƙulla ruwan leda kamfani ne. Mai sayar da maganin ƙwari da taki a kasuwar Gazawa shi ma haka.

A ƙauyukanmu yawanci akwai kwamitin ruwa. Mun saba tambayarsu kuɗin bido da ranar da za a gyara famfo. Ba mu saba tambayar lafiyar ruwan kansa ba, wai kada a ce mun raina masu aiki. Ba raini ba ne. Kai ke biya, ɗanka ke sha. Tambayar kuwa gajera ce: yaushe aka auna ruwan nan, ina takardar awon? In babu, kwamiti da mai gari su rubuta wasiƙa zuwa ma'aikatar magajin gari da ma'aikatar ruwa ta Agiye. Ga yadda za a iya rubuta ta:

"Mu mutanen gari kaza muna gaisuwa. Muna roƙon a zo a auna ruwan forajinmu, har da awon fuluwor, a kuma ba mu sakamakon a rubuce."

A sa kwanan wata, a sa hannu ko a dangwala yatsa. A rubuta biyu, a ba da ɗaya, a nemi wanda ya karɓa ya buga hatimi a kan ɗayar a dawo da ita gida. Wannan ta biyun ita ce shaidarku. Magana da baki, in ma'aikaci ya canza wurin aiki, ta tafi tare da shi.

In kuwa kun lura yara da yawa a unguwa ɗaya haƙoransu suna rinewa, ko ƙafafunsu suna karkacewa, a kai su likita a duba. Ba kowace karkatacciyar ƙafa ce ta fuluwor ba, akwai wadda rashin abinci mai gina jiki ke kawowa, ma'aikacin lafiya ne zai bambance. Amma ku gaya masa su nawa ne, kuma famfo ɗaya suke sha. A sami littafi a rubuta shekarun kowane yaro da inda gidansu ke ɗibar ruwa. Ga amfanin karatun da kuke yi ke nan.

Iyayen yaran Tibiri ba su da salula a wancan lokaci. Ku kuna da ita, kuma shaida ce mai kyau. Ana iya ɗaukar hoton takardar awo, da na wasiƙa, don ko gara ta ci takarda hoton yana nan. Amma a yi hattara da abu biyu. Hoton yaro marar lafiya ba abin yawo ba ne a WhatsApp. Shi ma yana da mutunci, zai girma, hoton kuma ba ya tsufa. Kada a ɗauka sai da yardar iyayensa, kada a tura sai ga likita ko hukumar da ke bin maganar. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukuma mai suna HAPDP da ke kula da ita. Na biyu, kada a yi gaggawar ɗaukar murya a ce wane yana sayar da guba alhali ba a auna ba. Akwai dokar laifuffukan intanet ta 2019, ɓata suna ta waya kuma yana iya kai mutum gidan kaso. Wanda ya riƙe takardar awo a hannu ba ya buƙatar zagi.

Ga aikin gida. Na farko lissafi ne: in iyakar fuluwor miligiram 1.5 ce a lita ɗaya, nawa ke nan a bido mai lita 20? Na biyu kuma na ƙafa ne. Kafin mu sake haɗuwa, kowa ya duba haƙoran yaran gidansa da rana tsaka, ya kuma je wurin shugaban kwamitin ruwa na garinsu, ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi shekarar da aka auna ruwan da suke sha. Ku rubuto amsar a littafinku, ko da amsar ita ce "ban sani ba". Za mu karanta su ɗaya bayan ɗaya a aji.