Yadda Ake Wanke Kayan Farauta Don Kada Nama Ya Ji Warinka

Gada da mugun dawa sun fi dogara da hanci fiye da ido. Maharbi zai laɓe a gindin sabara, ya yi tsit, amma da iska ta ɗauki warinsa ta kai musu, shi ke nan, sai dai ya ji ƙarar gudu. Kuma yawancin warin nan daga gida muke kwaso shi: ƙamshin omo, turaren wuta, hayaƙin girki, fetur ɗin babur, da gumin jiya da ya bushe a hammatar riga.

Abu na farko, ware kayan daji daga sauran wankin gida. Kada ka bari a haɗa su da rigar Juma'a ko kayan uwargida. Nemi bokiti ka ɗauraye shi sosai, domin bokitin wankin yau da kullum ya riga ya sha omo. Idan da hali, saya sabo ka keɓe shi don wannan aiki kaɗai. Zazzage aljihu, ka cire layu da guru da duk abin fata, domin jiƙo yana lalata fata. Su goge su za ka yi da tsumma mai ɗan danshi, ka bar su su sha iska a inuwa.

Sai maganar abin wankin, kuma a nan aka fi yin kuskure. Omo da sabulai masu ƙamshi an yi su ne don ƙamshin ya daɗe a jikin tufa, abin da kai kuma kake gudu ke nan. Bula ma ba ruwanka da ita. Ni dai ban ga abin da ya kai ruwan toka ba. Samu tokar itace zalla, wadda ba a ƙona leda ko shara a cikinta ba, kuma ba a yayyafa mata kananzir ba. Tankaɗe ta, zuba kamar cikin tafi biyu a rabin bokiti, motsa, ka bar ta ta kwana. Da safe tokar ta kwanta a ƙasa, sai ka tsiyaye ruwan saman a hankali. Idan ka murza shi tsakanin yatsu za ka ji santsi-santsi. Wannan kaifin shi ne ke narkar da maiƙon jiki da gumi ke bari a tufa, inda ƙwayoyin cuta ke samun abinci su haifar da wari. Yana busar da hannu, kuma kada ya taɓa ido. Wanda ba shi da toka mai kyau, 'yar jar kanwa ko bekin soda rabin kofi za su yi aikin.

Juya rigar ciki waje, ka jiƙa ta kamar awa guda. Sannan ka cuɗa, ka fi ba da ƙarfi a hammata da wuya da ƙugun wando. Kada ka manta da hula, domin ta fi komai riƙe maiƙon kai, ga man gashi. Idan akwai jinin nama, wanke shi tun farko da ruwan sanyi, ruwan zafi kama shi yake yi ya zauna. Ɗauraya sau uku, ko har santsin ya ɓace. Ka sunsuna wurin hammata tun yana jiƙe. Idan kai da hancinka na ɗan Adam ka ji wani abu, to sake jiƙawa.

Shanya kuwa, nesa da madafa, da garke, da inda ake tayar da janareta. Bayan gida ta ɓangaren gona ya fi, a rana, har kayan su bushe ƙayau. Tufa mai sauran danshi tana yin wari cikin dare ɗaya. Ba guga, balle na gawayi.

Da sun bushe, kada su shiga ɗaki ko akwatin da ke da kafur. Ninke su cikin babbar leda mai tsabta, ka jefa busassun ganyen kalgo ko sabara na dajin da za ka shiga, ka ɗaure baki tam. Takalmi ma a wanke shi da ruwan tokar, a ajiye daban.

Ranar fita, yi wanka ba sabulu mai ƙamshi, ba mai, ba turare. Tafi da kayan gida a jikinka, musamman idan a kan babur ne, sai ka isa bakin daji ka canza. Taba sigari kuma a bar ta sai an dawo.

Duk wannan rage wari yake yi, ba ya kawar da shi, tunda kana numfashi kuma kana gumi. Saboda haka riƙe 'yar toka busasshiya a ƙullin tsumma. Lokacin hunturu iska daga arewa maso gabas take kaɗawa, amma a cikin kurmi da kwari takan juya. Kafin ka matsa kusa da nama, girgiza ƙullin ka ga inda ƙurar ta nufa, ka zagaya har iskar ta riƙa bugun fuskarka.