Gidan tarihin duwatsun Malbaza: littafi biyu za ku riƙe

Tambaya: Mu malaman makaranta ne daga Ƙonni, Malbaza da Illela. Mun daɗe muna tsintar duwatsu masu siffar katantanwa da ƙwanson halittun ruwa a inda ake haƙar farar ƙasa, muna koyar da yara da su. Yanzu muna so mu kafa ƙungiya wadda ba ta neman riba, mu buɗe ɗan gidan tarihi. 'Yan garinmu mazauna waje sun ce za su taimaka, amma sai sun ga yadda za a riƙe kuɗin. Ta ina za mu fara?

Amsa: Malamai, Allah ya yi wa niyyarku albarka. 'Yan'uwanku kuma ba su yi laifi ba da suka tambaya, wanda ya tambayi lissafi tun kafin ya bayar shi ne zai daɗe yana bayarwa.

Ku fara da sanin abin da ke hannunku. Farar ƙasar da ta sa aka kafa masana'antar siminti a Malbaza tun shekarun 1960, laka ce ta wani teku da ya taɓa malale wannan yanki sama da shekaru miliyan 50 da suka wuce. Tekun ya haɗa ƙasar Adar da ta Sakkwato. Shi ya sa masana suka raɗa wa wata dabbar ruwa ta zamanin da suna Goronyosaurus, daga Goronyo, wata kuma Igdamanosaurus, daga dutsen Igdaman kusa da Kawo a jihar Tawa. Ke nan dukiyar ƙungiyarku ta gaskiya duwatsu ne a kan kanta, ba kuɗi a cikin asusu ba. Ƙungiyar marayu ko ta haƙa rijiyoyi littafi ɗaya ya ishe ta, na kuɗi. Ku biyu za ku riƙe, na kuɗi da na kaya, kuma kada a damƙa su hannun mutum ɗaya.

Na kuɗin ya fi sauƙi, don doka ta riga ta share hanya. Dokar ƙungiyoyi ta Nijar mai lamba 84-06 ta 1 ga Maris 1984 ita ce ƙofar shiga: ku rubuta tsarin ƙungiya, ku kai wa hukumar yankinku, izini ya fito daga ma'aikatar cikin gida. Sai kuma tsarin lissafin ƙungiyoyin da ba na riba ba, wanda ƙasashen ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta OHADA suka amince da shi a Yamai ranar 22 ga Disamba 2022, ya fara aiki 1 ga Janairu 2024. Ƙaramar ƙungiya wadda abin da take samu a shekara bai wuce Sefa miliyan 30 ba, an sauƙaƙa mata, lissafin shiga da fita kawai za ta yi. Amma babba da ƙarama, kowa sai ya buɗe rajistar masu ba da gudummawa: rana, suna, adadi, da hanyar da kuɗin ya shigo. Kada ku ɗauki wannan da wasa. A ƙarshen 2025 gwamnati ta dakatar da ɗaruruwan ƙungiyoyi saboda ba su buga bayanin kuɗinsu na shekarar da ta gabata ba.

A Ƙonni akwai wata matsala da mutumin Yamai ba zai tuna da ita ba. Rabin gudummawarku na iya zuwa da Naira, kuma canji na safe daban, na yamma daban. In ɗan kasuwa ya ba da Naira, ma'aji ya rubuta ta yadda ta zo, ya rubuta farashin da aka canza ta a ranar, wani mamba na biyu ya sa hannu. Yawancin zargin da ke raba abokai daga irin wannan ɗan giɓin yake tasowa, alhali babu wanda ya ci ko dala. Haka kuɗin da ake turowa ta kamfanonin aika kuɗi: da sunan ƙungiya za a turo, a zuba a asusunta na banki, fitarwa kuma sai da sa hannun mutum biyu waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba. Tikitin shiga ya zama mai lamba a jere, ana yage rabi a ba baƙo, rabi ya zauna a jikin littafin. Da yamma a ƙirga gindin tikiti, a ƙirga kuɗin akwati, su yi daidai.

Inda na fi jiye muku shi ne kuɗin da aka bayar da sharaɗi. Mai hali yana son ya gina ɗaki a sa sunan mahaifinsa, ba ya son biyan mai gadi ko kuɗin wuta. Sai wata ya ƙare, mai gadi ya zo, shugaba ya ce a ɗan taɓa kuɗin kwanon rufi, in an samu a mayar. Wannan aron ba a cika mayar da shi ba, kuma ko an mayar, an saɓa alkawari. Ku dubi gidan tarihi na ƙasa na Boubou Hama da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959. Ƙasusuwan da ke cikinsa, na dabbar zamanin da Ouranosaurus da na wani ƙaton kada Sarcosuchus, da aka tono a Gadufawa, ba sa cin abinci, amma zakuna da dorinar da ke harabar kullum sai sun ci, alhali gwamnati ce ke bayan gidan. Ku da ba ku da gwamnati a baya, kada ku ajiye ko kunkuru mai rai. Kafin ku aza tubali, ku lissafa abin da shekara guda za ta ci, ku gaya wa duk mai ba da kuɗin gini cewa wani kaso zai tafi ga gudanarwa, ya amince a rubuce.

Littafin kaya kuwa, shi ne wanda ake mantawa. Kowane dutse a shafa masa ɗan farin fenti a gefen da ba ya ɗauke da siffa, in ya bushe a rubuta lamba da tawada mara gogewa. A ɗauki hotonsa da tsabar dala ashirin a gefe don a gane girmansa. A littafi mai ɗinki, wanda ba a iya cire shafi ba a gani ba, a rubuta lambar, inda aka tsince shi, ranar, da wanda ya kawo. Dutsen da ba a san inda ya fito ba ya rasa yawancin amfaninsa ga mai bincike. Kwafin hotunan ya zauna a wani gari, in ɗakin na Malbaza ne, a ajiye a Illela. Kada ku ce ai mu ƙanana ne. A 2023 babban gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya sanar cewa kaya kusan 2,000 sun ɓace, ko an sace, ko sun lalace, da yawansu ba a taɓa yi musu cikakkiyar rajista ba, har shugaban gidan ya yi murabus.

Wata rana baƙo zai zo ya taya wani dutse da kuɗin da zai biya mai gadi shekara guda. Ku rubuta a tsarin ƙungiya tun yau cewa ba a sayarwa, ba a jinginarwa, don kada ranar ta zo ku tsaya muhawara. Ƙa'idar ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta ɗauki irin waɗannan kaya a matsayin amanar jama'a, ba kadarar da ake juyawa kuɗi ba. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta sa burbushin halittun da cikin kayan da ake karewa, a gida kuma akwai doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 kan kayan gadon ƙasa. Saboda haka ku je ofishin al'adu na jiha a Tawa kafin ku buɗe, ku nuna abin da kuka tara, kuma kada ku yi tono da kanku ba izini. Ku ma ku daina ba yara kuɗi in sun kawo dutse, don kasuwa kuke buɗewa ba ku sani ba, gara a rubuta sunan yaron a katin da ke gaban dutsen.

Sau ɗaya a shekara ku kira babban taro. Mutum biyu da ba sa cikin kwamiti, ko da wani akawu mai ritaya ne da wata malama, su zaɓi lambobi ashirin daga littafi su ce a nuna musu duwatsun, su zaɓi rasit ashirin su bi sawunsu har banki. A karanta sakamakon da Hausa a gaban mambobi, a manna shi a ƙofa, a tura hotonsa ga mazauna waje ta WhatsApp a ranar.