Idan Ciwo Ya Shiga Gida: Ɗaukar Nauyin Juna Cikin Ikilisiya

Karatun Littafi Mai Tsarki: Galatiyawa 6:1-10 da 2 Korantiyawa 8:1-15

Cikin wasiƙun da masu sauraro suke aiko mana, roƙon addu'a domin marasa lafiya ba ya yankewa. Sau da yawa kuma a ƙarshen wasiƙar akan ƙara magana guda: "Mun sayar da abin da muke da shi." A kan wannan magana za mu yi nazari yau.

Wata damina, da tsakar dare, wani ɗan'uwa manomi ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ɗansa mai shekara 7 yana fama da zazzaɓin cizon sauro har ya fara suma. Na yi addu'a tare da shi, na ba shi jika biyu da ke aljihuna, na koma na kwanta ina gani na yi aikina. Yaron ya warke, mun gode wa Allah. Amma kuɗin mota, da na ƙarin jini, da na magani, sun sa uban ya sayar da jakinsa da amalankensa, ya kuma ci bashin da zai biya da gero a kaka. Gidan ya cika da faɗa tsakaninsa da matarsa. Daga baya ya daina zuwa sujada saboda kunyar masu binsa bashi. Mu kuwa muna nan kowace Lahadi muna raira waƙa, ba wanda ya sani. Na gane cewa laifin ba na mutum ɗaya ba ne. Ikilisiyarmu tana da ƙauna, amma ba ta da shiri.

1. Kaya iri biyu

Ka buɗe Galatiyawa sura 6. A aya ta 2 Manzo Bulus ya umarci masu bi su taimaki juna ɗaukar nauyi, ya ce ta haka ake cika shari'ar Almasihu. A aya ta 5 kuma ya ce kowa yana da nasa kayan da zai ɗauka. Ko Bulus ya saɓa wa kansa ne? A'a. A harshen Helenanci, wanda aka rubuta wasiƙar da shi, kalmomin guda biyu ne dabam. Ta aya 2 tana nufin kaya mai danne mutum. Ta aya 5 tana nufin kayan da aka ɗora wa kowa ya tafi da shi, kamar jakar matafiyi.

Ciyar da iyalinka, sayen gidan sauro, kai yaro rigakafi, ajiye ɗan abu domin ranar wahala, waɗannan jakarka ce. 1 Timoti 5:8 ya yi magana mai zafi a kan wanda ya ƙi kula da mutanen gidansa. Amma tiyata, da haɗarin mota, da haihuwa mai gardama, da jinyar wata uku a asibiti, waɗannan kaya ne da ke karya wuyan gida ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A nan ne Allah ya kira jikin Almasihu ya sa hannu.

Ka lura kuma, zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne. Luka da ya rubuta Bishara likita ne (Kolosiyawa 4:14). Basamariyen da Yesu ya ba da misalinsa a Luka 10 ya ɗaure raunukan mutumin, ya biya mai masauki dinari biyu, ya kuma yi alkawarin biyan abin da ya ƙaru. Yakubu da ya ce a kira dattawan ikilisiya su yi wa marar lafiya addu'a, shi ne kuma a sura 2 ya tsauta wa mai sallamar mabukaci da fatar baki kawai.

2. Yadda masu bi na farko suka yi

A Ayyukan Manzanni 4 mun ga masu gonaki da gidaje suna sayarwa suna kawo kuɗin wurin manzanni, ana raba wa kowa gwargwadon bukatarsa. Amma a sura 6 gunaguni ya tashi, gama ana manta da wasu gwauraye wajen rabo. Manzanni ba su rufe asusun ba, ba su kuma riƙe shi a hannunsu ba. Sun sa jama'a su zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida su kula da aikin.

Sa'ad da Bulus yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, ya ce wa Korantiyawa kowa ya riƙa ajiye wani abu a ranar farko ta mako bisa ga samunsa (1 Korantiyawa 16:2). Bai jira sai ya iso a yi ta gaggawa ba. A 2 Korantiyawa 8 ya bayyana dalilin: yau kai ne mai yalwa, gobe mai yiwuwa kai ne mai rashi. Ya kuma ƙi ɗaukar kuɗin shi kaɗai, sai tare da 'yan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa, domin kada kowa ya sami abin zargi.

Wannan hali bai ƙare da manzanni ba. Wajen shekara ta 197, wani malamin ikilisiya mai suna Tartuliyan, a birnin Kartaj na Afirka ta Arewa, ya shaida cewa masu bi suna da akwati da kowa yake sa ɗan abu sau ɗaya a wata, ba tilas, ana ciyar da matalauta da marayu da tsofaffi, ana kuma binne waɗanda ba su da kowa.

3. Misali daga Amurka

A Amurka kuɗin asibiti yana da tsada ƙwarai, har yakan jefa iyali cikin bashi na shekaru. Tun da daɗewa wasu Kirista da ake kira Amish suna biyan kuɗin jinyar junansu ta hannun ikilisiya maimakon kamfanin inshora. Daga baya wasu masu bi suka kafa ƙungiyoyin raba kuɗin jinya. Medi-Share ta fara a 1993, Samaritan Ministries kuma a 1994 a jihar Ilinoi.

Ga yadda Samaritan ta tsara nata aikin. Kowane iyali yana da abin da ya yi alkawarin bayarwa a wata. Idan wani ya kwanta ciwo, sai ya aika da takardun asibiti ofishin ƙungiya. Ofishin ya raba nauyin ga wasu iyalai, ya gaya musu sunan wanda za su aika wa. Sai kuɗin ya tafi kai tsaye daga gida zuwa gida, sau da yawa tare da 'yar wasiƙar ƙarfafawa da addu'a. Ana bukatar mai shiga ya zama mai zuwa sujada, shugaban ikilisiyarsa kuma ya shaide shi. A 2010, da Amurka ta yi babbar dokar inshorar lafiya, dokar ta amince da irin waɗannan ƙungiyoyi da suke aiki tun kafin ƙarshen 1999.

Amma dole in faɗa maka ɗaya gefen. Waɗannan ƙungiyoyi da kansu suna cewa su ba inshora ba ne, babu doka da ta tilasta musu biya. Da yawansu ba su ɗaukar ciwon da mutum ya shigo da shi, ko kuwa sai bayan wani lokaci. A 2021 wata babba daga cikinsu ta karye, ta bar iyalai masu yawa da takardun asibiti da ba a biya ba. Sa sunan Yesu a kan asusu ba ya mai da ma'aji amintacce. Mu koyi abu mai kyau daga gare su, mu kuma ɗauki gargaɗi.

4. Me ikilisiyarka za ta iya yi?

Ba mu da dalar Amurka, amma mun san adashe, mun san gayya. A Nijar, a 2006 aka yi dokar duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocin gwamnati, duk da haka kowa ya san kuɗin mota, da abincin mai jinya, da maganin da ake rubuta maka ka saya a waje, suna nan a wuyan iyali.

Bari mu yi lissafi. Idan gida 40 a ikilisiya suka riƙa ba da dala ɗari, wato sefa 500, kowane wata, za a sami jika 20 a wata, jika 240 a shekara. Wannan ba zai biya kowace jinya ba, amma zai hana a sayar da jaki saboda kuɗin mota. Manomin da ba shi da kuɗi a hannu zai iya ba da tiyoyin gero ko wake a kaka, a ajiye, a sayar lokacin da farashi ya tashi. Ga shawarwari biyar:

Na ɗaya, a raba wannan asusu da baikon Lahadi da kuɗin gini. Kada a ranta shi domin biki ko sayen kayan kiɗa.

Na biyu, a zaɓi mutum uku amintattu, har da mace daga zumuntar mata, gama mata ne suka fi sanin gidan da ake jinya a ɓoye. Fasto ya koyar, ya yi addu'a, amma kada ya riƙe kuɗin. Ina faɗin wannan ne a matsayin fasto.

Na uku, a rubuta ƙa'ida tun kafin kowa ya yi ciwo: wace irin jinya za a taimaka, har nawa, wa zai sa hannu idan abin ya faru da dare.

Na huɗu, a karanta rahoton shiga da fita a gaban jama'a kowane wata uku, amma a rufa asirin irin ciwon da mutum yake da shi.

Na biyar, a ware wani kaso domin gwauruwa da maraya da ba su iya sa komai ba, har da maƙwabci wanda ba na ikilisiya ba. Galatiyawa 6:10 ya sa iyalin bangaskiya a gaba, amma bai rufe ƙofa ga sauran mutane ba. A nan ne ikilisiya ta bambanta da kamfani.

Idan kuma akwai ƙungiyar taimakon lafiya ta gari ko ta ma'aikata inda kake, shiga cikinta ba zunubi ba ne. Yusufu ya tara hatsi shekara bakwai a Masar, Allah kuwa ya ceci rayuka da yawa ta wurin wannan tanadi.

5. A fara daga gida

Maigida, ka zauna da matarka ku yi shawara a kan abin da za ku riƙa ajiyewa. Kada ka ɓoye mata bashi, kada kuma ka jinkirta kai yaro asibiti kwana uku domin tsoron kuɗi, gama zazzaɓin da za a yi maganinsa da sauƙi yau, gobe yana iya neman ƙarin jini. Uwargida, kada ki ɓoye ciwonki don kunya. Ku bar yara su ga kuna ware kuɗin taimakon, ku ambaci sunan marar lafiya tare a addu'ar iyali. Yaron da ya tashi yana ganin haka ba zai iske bayarwa da wuya ba idan ya girma.

Kai kuma da kake cikin wahala yanzu, karɓar taimako ba abin kunya ba ne. Bulus kansa ya karɓi taimako daga Filibiyawa yana kurkuku. Ka faɗa wa dattawa. Ɗan'uwan nan da na ba ku labarinsa ya dawo cikin zumunci bayan dattawa sun je gidansa, suka taimaka aka biya bashin. Da muka kafa asusunmu, shi ne ya fara kawo tiyar gero.

Tambayoyi domin nazari

1. Wane kaya ne naka na kanka, wane ne kuma ya fi ƙarfin gida ɗaya?
2. Me ya sa Bulus ya ƙi ɗaukar gudummawa shi kaɗai?
3. Wane gida ne a ikilisiyarku yake jinya a wannan mako, me za ka kai musu?

Addu'a

Ya Uba na sama, mun gode maka domin Yesu Almasihu wanda ya ɗauki nauyin zunubanmu a kan gicciye. Ka gafarta mana inda muka ga ɗan'uwa cikin wahala muka wuce. Ka warkar da marasa lafiya, ka ƙarfafa masu jinya, ka ba ikilisiyarka zuciyar bayarwa da hannuwa masu aminci. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.