Zoben Itace a Matsayin Shaida kan Gurɓatar Muhalli

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa duba kututturen bishiyar da aka yanke da zarto zai ga wasu da'irori, ƙarama cikin babba, tun daga tsakiya har zuwa ɓawo. Su ne muke kira zoben itace a wannan maƙala. Manufarmu ita ce mu nuna yadda masana ke karanta tarihin gurɓatar muhalli a jikinsu, da kuma iyakar abin da za su iya faɗa.

2.0 Yadda Zoben Ke Samuwa

A wuraren da shekara ta rabu gida biyu, wato lokacin tsiro da lokacin da bishiya ke dakatar da girma saboda sanyi ko rani, yawancin bishiyoyi kan ƙara zobe ɗaya kowace shekara. Na jikin ɓawo shi ne na bana, na tsakiya kuwa shi ne mafi tsufa. Masanin taurari A. E. Douglass ne ya kafa tubalin wannan ilimi, ya kuma buɗe cibiyar nazarinsa a Jami'ar Arizona ta Amurka a 1937.

Yayin da bishiya ke girma, takan zuƙi ruwa ta saiwa tare da abin da ya narke a cikinsa, har da ƙarafa masu guba irin su dalma. Wani ɓangare nasu kan maƙale a cikin itacen. Masu bincike ba sa sare bishiyar. Sukan huda ta da wani ƙarfe mai rami a ciki, su zaro tsinken itace wanda bai kai kaurin fensir ba, su ƙidaya zoben, sannan su auna yawan ƙarfen da ke kowane rukunin shekaru.

3.0 Misalin Garin Fallon

Fallon ƙaramin gari ne a jihar Nebada ta Amurka. Daga 1997 zuwa 2002 an sami yara 16 masu alaƙa da garin ɗauke da sankarar jini, adadin da ya wuce kima ga gari irinsa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta gano ƙarfen tangstan da yawa a fitsarin mazauna garin, iyalan masu ciwon da na masu lafiya baki ɗaya. Sai dai fitsari halin yau kawai yake nunawa. To, tun yaushe ƙarfen ya fara yawa?

Nan ne Paul Sheppard na Jami'ar Arizona da abokan aikinsa suka koma ga bishiyoyi. Sakamakon da suka buga a 2007 ya nuna cewa kafin farkon shekarun 1990 tangstan ɗin da ke zoben bishiyoyin Fallon bai bambanta da na garuruwan maƙwabta ba, amma daga nan sai ya hau, dab da lokacin da cutar ta ɓulla.

4.0 Inda Ake Taka-tsantsan

Haɗuwar abu biyu a lokaci guda ba ta nufin ɗaya ne ya haifar da ɗaya, kuma binciken bai tabbatar da cewa tangstan ne sanadin cutar ba. Haka nan, ruwan jikin bishiya kan ɗauki wasu ƙarafa daga sabon zobe ya kai su tsoho, har a zaci gurɓatar ta girmi ainihin shekarunta. Saboda haka ake gwada bishiyoyi da dama, a kuma kwatanta su da na wurin da babu masana'antu.

5.0 Kammalawa

Masana'anta na iya rufewa, takardunta su ɓace, waɗanda suka gani da ido su ƙare, amma bishiyar da ke bakin katangarta tana nan da lissafinta. Takan taimaka wajen amsa tambayar "yaushe". Tambayar "wane ne" da ta "me ya jawo" kuwa, sai an haɗa da wasu shaidun.