Shin Da Gaske Ana Magani Da Tabar Wiwi?

Wani mai sauraro daga Zariya ya aiko da tambaya: wai gaskiya ne mutanen da suna magani da tabar wiwi?

Gaskiya ne. Tsofaffin littattafan magani na ƙasar Sin sun ambace ta, a Indiya kuma masu maganin gargajiya sun daɗe suna niƙa ganyenta don rage zogi da kawo barci. A birnin Kalkata ne wani likita ɗan ƙasar Ailan, William O'Shaughnessy, ya gwada ta kan masu ciwon gaɓoɓi da wata jaririya mai jijjiga, ya fitar da sakamakon a 1839. Daga nan ta shiga kantunan magani na Turai.

A 1964 Raphael Mechoulam da abokin aikinsa a Isra'ila suka ware THC, sinadarin da ke bugarwa. Akwai kuma CBD wanda ba ya bugarwa, da shi aka haɗa Epidiolex da Amurka ta amince da shi a 2018 don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara. Wannan magani tacacce ne, aunanne, sai da takardar likita.

Zuƙar ganyen kuwa wani abu ne daban. Tun ƙarni na 13 masanin tsirrai Ibn al-Baiɗar ya yi gargaɗin cewa yawan shan ta na gusar da hankali, likitocin ƙwaƙwalwa na yau ma suna ganin haka, musamman ga matasa. A Najeriya dokar 1966 ta haramta noma ta da sayar da ita. Don haka mai ɗan da ke fama da farfaɗiya ya kai shi asibiti.