Darasi na 14: Babban Titin Birnin Faris

Faris shi ne babban birnin ƙasar Faransa. A cikinsa akwai wani titi da ya yi suna a duniya, ana ce da shi Shanzelize. Yau shi za mu zaga.

Tsawon titin nan mil guda ne da 'yan kai, faɗinsa kuwa wajen yadi 76. An shata shi a 1667, zamanin Sarki Luwi na 14. Itatuwa sun yi layi dama da hagu.

Mu fara daga gabas. Nan za mu ga wani dogon dutse sassaƙaƙƙe mai tsini. Daga Masar aka kawo shi cikin jirgin ruwa, aka kafa shi a 1836. Ya fi shekara 3,000 da sassaƙawa.

A yamma kuwa akwai wata ƙatuwar ƙofa ta dutse, tsayinta ƙafa 164. Sarki Napoliyon ya sa aka fara ginin a 1806, amma bai ga ƙarshensa ba, don sai 1836 aka gama. Hanya 12 suka haɗu a wurin.

Tsakanin dutsen da ƙofar nan akwai lambuna, sa'an nan manyan benaye. Ƙasan benayen kantuna ne masu tagogin gilashi. Ana sayar da turare, da agogo, da tufafi, da jakunkunan fata. Ba a taya kaya. Kuɗin kowane abu yana rubuce, kowa ya gani. Kayan suna da tsada, domin hayar kanti a titin nan ba ta wasa ba ce.

Masu abinci sukan jera kujeru a bakin titi. Mutane su zauna su sha gahawa, su ci burodi, suna kallon masu wucewa. Wani gidan abinci, Fouquet's, tun 1899 yake wurin.

Dokar Faransa ta ce mai abinci ya kafa takardar farashi a ƙofa. Baƙo mai hankali yakan tsaya ya karanta, ya laluba aljihunsa tukuna. Wanda ya faɗa kujera bai duba ba, yana iya cinye guzurinsa a zama ɗaya. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Tambayoyi
1. A wace ƙasa Faris yake?
2. Shekara nawa tsakanin fara ginin ƙofar da gama shi?
3. Me ya kamata baƙo ya yi kafin ya zauna cin abinci?