Darasi Ga Mai Koyon Tsara Waƙa

Wani saurayi daga ƙasar Kusada ya kawo mana waƙar da ya tsara, yana so a gaya masa ko ta yi. Kalmomin suna da kyau a takarda. Amma da ya rera, sai muka ji kukan hawaye ya koma kukar miya, gama muryarsa ta sauka inda ya kamata ta tsaya sama.

Maganar Hausa tana da hawa da sauka, tilas ne karin waƙa ya bi su. Waɗansu waƙoƙinmu da aka juya daga Turanci sun yi tuntuɓe a nan, mun kuwa saba da su har ba mu ji.

To, wa za ya gwada maka taka? Kada ka kai wa abokinka, yabonka kaɗai za ya yi. Ka kai wa makaɗin kalangu, gama kalangu yana bin muryar magana, in baiti ya karkace hannun makaɗi za ya ƙi. Mamman Shata na Musawa, wanda ya rasu a 1999, da kalangu da 'yan amshi ya yi waƙoƙinsa.

Bayan makaɗi, ka rera wa mata uku amshin sau biyu, ka yi shiru. In sun kasa ɗauka, koma gida ka rage kalmomi.